Kalar da Malam Ya Zaɓa

Shekara ashirin da shida na yi ina girki a kicin ɗin gidanmu na Gaya kafin a liƙa masa leda. Ba wani babban kicin ba ne. In na tsaya a tsakiya na ware hannuwa, saura ƙiris in taɓa bango da bango. Akwai kwaba ta katako a sama mai murfi huɗu, da kanta a ƙasa mai murfi uku da durowa biyu, sai 'yar taga mai kallon tsakar gida.

Maigidana, wanda har ya bar duniya Malam nake ce masa, malamin gona ne. A Ajingi yake aiki. Kullum yana bisa babur tsakanin Toranke da Gafasa da ƙauyukan da ke kewaye, yana duba gonakin mutane, yana gaya musu lokacin zuba taki da lokacin feshin wake. Ni kuma ina koyarwa a firamare. A shekarar da muka tare a gidan ne ya ɗauko wani kafinta ya yi mana kwabar. Ni 'yar Toranke ce, madafin da na tashi a ciki murhu ne mai duwatsu uku, tukwane a ƙasa, ƙoruka a kife kan gadon kara. Ranar da kafintan ya gama aikinsa sai da na buɗe murafun nan na rufe ya fi sau goma, Malam yana tsaye yana mini dariya.

Shi yake yi wa kwabar fenti da hannunsa. Duk bayan shekara uku ko makamancin haka, idan Babbar Sallah ta matso, sai in ji tsayuwar babur a soro, in leƙa in ga galan ɗaure a baya da roba. Bai taɓa tambayata kalar da nake so ba. Wadda mai shago ya rage masa kuɗi a kanta ita yake ɗaukowa. Kuma Allah ya jiƙansa, bai iya fenti ba. Yakan labta shi da kauri har ya riƙa zirarowa, ya bi ta kan ƙarafan murfi, ya bi ta kan mariƙai. Durowa takan yi kwana uku a liƙe, sai an sa wuƙa. Warin ya shiga gari, ya shiga kuka da kuɓewa, mu yi mako muna cin tuwo mai ɗanɗanon kananzir.

In na yi mita sai ya ce, “Malama, nan ne fa ofis ɗinki na gaskiya. Ina za a bar ofis ba gyara?”

In ce, “To mai gyaran ne ba a dace da shi ba.”

Ya ce, “Shi ne dai wanda ba ya karɓar kuɗin aiki.”

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a ƙarshen damina, gero ya fara nuna, kwana tara kacal ya yi. Bayan na fita takaba na ci gaba da girkina a kicin ɗin yadda yake. Fentin ƙarshe da ya yi, mai ruwan madara, ya fara tsagewa, sannan ya fara ɓarewa yana zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Kullum da safe in share. Yara sun sha cewa a kira mai fenti, ni kuma in ce a bari sai bayan Sallah, Sallah ta wuce in ce a bari damina ta fita.

Autata ce ta kawo ƙarshen wannan ja-in-ja. Tana aure a Kano, tana aikin jinya, ta zo mini hutu da jaririyarta 'yar wata bakwai. Wata safiya ta buɗe robar garin kunun yarinyar, ta tsinci ɓawon fenti a ciki. Ta ɗora shi a tafin hannu ta kawo mini har ɗaki.

“Umma, dubi abin da na gani a garin kunu. Wannan fa guba ne.”

Na ce, “Iska ce ta jefa shi.”

Ta ce, “Robar a rufe take, Umma. Wajen ɗiba ne ya faɗa. Ke ma Allah kaɗai ya san nawa kika ci.”

Ta zauna a bakin gado ta ciro waya, ta shiga nuna mini hotunan kicin ɗin wata ƙawarta. Murafu fes, suna ɗaukar ido, kamar yau aka kawo su daga kamfani. Ta ce ba sabbi ba ne, tsofaffin ne aka lulluɓe da wata leda mai gam a bayanta. Ba wari, ba jiran bushewa, in maiƙo ya taɓa sai a sa tsumma a goge.

Na ce, “Irin wadda ake liƙa wa babura?”

Ta yi dariya ta ce, “'Yar uwarta ce, amma wannan ta fi kauri.”

Ta kira wanda ya yi wa ƙawar tata, ya faɗi kuɗin da ko ita sai da ta ce ya yi yawa, ban da na motar da za ta kawo shi daga Kano. Na ji daɗi a raina, na ce shi ke nan magana ta mutu. Ashe ba ta mutu ba. Maƙwabciyarmu ta gaya mata akwai wani mai sitika a kusa da tasha, wanda yake yi wa babura da adaidaita sahu, ya daɗe da fara yin na kicin. Washegari da hantsi sai ga shi ya yi sallama.

Magidanci ne, zai yi shekara arba'in da wani abu, da furfura jefi-jefi a gemunsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya shiga kicin da tef ɗin awo. Ya auna murafu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya ce, “Hajiya, wanda ya yi miki wannan aikin ya ji tsoron Allah. Katako ne na gaske, ko gara ba ta taɓa shi ba.” Sai ya sa farce ya ɓantaro fentin, ya girgiza kai. Ya ce leda ba za ta kama a kan wannan ba, sai an kankare shi tas an bi da samfefa, in ba haka ba wata biyu za ta kumbura.

Ya yi mana bayani cewa ledar iri biyu ce. Akwai mai sheƙi mara kauri, ta fi araha, amma ba ta jure zafi, kusa da wuta takan naɗe baki. Akwai mai kauri, ita ce ta kicin. Da kuɗin mai kaurin, da na kankara, da na aikinsa, da man injin da zai tayar idan babu wuta, ya ce naira dubu casa'in.

Na dafe ƙirji. Abin da ya fara zuwa mini shi ne buhun taki, don zama da Malam ya sa komai da taki nake auna shi. Na ce, “Ɗan nan, wannan ai ya kusa buhu biyu. A liƙa wa katako buhun taki biyu?”

Ya ce, “Wallahi Hajiya kayan ne suka tashi. Daga waje ake kawo su. Abin da zai rage mini bai taka kara ya karya ba.”

Auta ta shiga ciniki, ta ja, ya ja. Da ta ga ya tsaya a tamanin da biyar sai ta ce, “To in mu muka yi kankarar fa?” Ya dube ta, ya dube ni, ya ce aiki ne mai cin hannu, amma in za mu iya, ya bar mana a saba'in. Ta ce za mu iya. Ba ta ko tambaye ni ba, a nan ta biyo ubanta. Ta so ta biya duka, na ƙi. Na ce ita ta ɗauki kuɗin aiki, ni in sayi ledar. Akwai waken da ƙanin Malam ya aiko mini daga gonarmu ta Gafasa, na sa aka kai rabin buhu kasuwa.

Mai sitikar ya kwance mana murafun kafin ya tafi, ya bar mana ƙarfen kankara guda biyu da samfefa, ya ce zai dawo bayan kwana uku da samfura mu zaɓi kala. Muka kwashe murafun zuwa soro saboda kada ƙurar ta dami jaririya. A soron nan babur ɗin Malam yake, jingine da bango, lulluɓe da tamfol tun bayan rasuwarsa. Auta ta janye tamfol ɗin ta shimfiɗa a ƙasa don ya tare ɓarɓashi. Na juya wa babur ɗin baya na zauna.

Ban san kankarar za ta zame mini abin da ta zama ba. Da na sa ƙarfe na ɗaga mai ruwan madarar, sai ga shuɗi a ƙarƙashi. Na ƙara dannawa, sai ga wani mai ruwan hanta. Wannan na tuna shi sarai, don babu munin da ya kai nasa. Shekarar da mahaifiyata ta zo daga Toranke ta yi jinyar ƙafa a wurinmu ne. Ta leƙa kicin ta ga Malam da buroshi, fenti har a gira, ta koma ɗaki ta ce mini a hankali, “Ke, surukin nan nawa ba shi da abokai ne da za su gaya masa gaskiya?” Shi kuma yana jin nauyinta, bai san abin da ta ce ba, da yamma ya aiko yaro ya tambaye ta ko aikin ya yi. Ta ce a gaya masa ya yi ƙwarai, Allah ya yi albarka.

Na ba auta wannan labarin, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ita shuɗin ta tuna. Ta ce tana aji uku a sakandare lokacin, ta jingina da kantar kicin fentin bai bushe ba, rigar makarantarta ta ɓaci, Abbansu ya zauna da kananzir yana goge mata yana cewa kada ta gaya wa Umma. Ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Na ce, “Ashe shi ya sa rigar nan ta yi ta wari na rasa dalili.”

Akwai wasu kalolin da na kasa tuna shekararsu. Wani rawaya ya fito a murfi biyu kawai, wataƙila fentin ne ya ƙare masa. Daga can ƙasa kuma kore, na farko, wanda ya shige cikin katakon har samfefa ta kasa fitar da shi duka. Kwana biyu muka yi a kan aikin nan. Hannuwana suka yi kanta, kafaɗata ta riƙe. Auta takan tashi ta ba yarinya nono ta dawo. Mun yi hira a kwana biyun nan wadda ba mu taɓa yin irinta ba, kusan duk a kan ubanta, alhali tun rasuwarsa kowa kaffa-kaffa yake da ambatonsa a gabana.

Rana ta uku mai sitikar ya dawo da wasu 'yan ƙyallayen leda a soke cikin zobe kamar makullai. Yana shigowa soro ya tsaya cak. Ba murafun yake kallo ba. Ya matsa kusa da babur ɗin, ya shafa tankin, ya sunkuya ya duba gefensa.

“Hajiya, babur ɗin nan na wane ne?”

Na ce, “Na maigidan ne.”

“Malamin gona? Dogo, mai zuwa Ajingi?”

Na ce shi ne. Auta ta ce, “Ya rasu ai, shekara huɗu.”

Ya yi salati, ya sake yi. Ya zame ya durƙusa ya yi mana ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Ya ce wallahi bai ji ba, ya daina ganinsa ne ya ɗauka canjin wurin aiki aka yi masa. Ya ce ledar da ke jikin tankin nan shi ya liƙa ta, kuma tun yana yaron shago Malam yake kawo masa babur. Ya riƙa juya zoben samfuran a hannunsa, kamar mai shawarar ya faɗa ko kada ya faɗa. Can ya ce, “Hajiya, ashe wannan ne kicin ɗin.”

Na ce, “Wane kicin?”

Ya ce zuwan Malam na ƙarshe, cikin damina ne, ya same shi yana yanka leda mai faɗi a kan tebur. Malam ya tambaye shi ta wace mota ce, ya ce ta kicin ce, aikinsa na farko ke nan a wani gida. Malam ya ja benci ya zauna ya yi ta tambaya: tana wari? tana jure ruwa? shekara nawa take yi? Daga nan ya ce, “Na gaji da ɓata wa Malama gari da fenti. Shekara ashirin tana haƙuri da ni.” Ya tambayi kuɗi, da ya ji sai ya yi dariya ya ce a bari a cire wake tukuna. Amma sai da ya duba samfuran duka, ya zaɓi ɗaya, ya sa aka yanka masa ɗan guntu ya jefa a aljihun gaba.

Ban san lokacin da na zauna a kan tamfol ba. Auta ta rufe fuska da mayafi. Na ce, “Wace kala ya zaɓa?”

Ya shiga jujjuya samfuran. Ya tsaya a kan wani kore mai duhu, ya wuce, ya tsaya a kan mai zanen katako, ya dawo baya. Na ga gumi a goshinsa. Ya ce, “Hajiya, ba zan yi miki ƙarya a kan mamaci ba. Zuciyata tana ba ni ko koren nan ko mai katakon nan. Amma shekarun da yawa, kuma mutane da yawa sun zauna a bencin nan. Ban riƙe ba.”

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Yana fita na shiga ɗaki. Kayan sawar Malam an rabar da su tuntuni, amma akwai akwatin takardunsa. Na zazzage shi a kan tabarma, na bi littattafan aikinsa shafi-shafi, inda yake rubuta sunayen gonaki da ranar shuka. Auta ta buɗe ƙarƙashin kujerar babur, ta samu sifana da tsumma da wata tsohuwar igiya. Har 'yar jakar da yake ratayawa muka juye. Babu guntun leda. Na kira ƙaninsa a Gafasa, wanda aka ba manyan riguna, na tambaye shi ko ya taɓa tsintar wani abu a aljihu. Ya ce asuwaki kawai ya gani da ƙwayar wake biyu, ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau.

Abin da ya tsaya mini a rai ranar shi ne, na zauna da mutumin nan shekara talatin da ɗoriya, na san yadda yake son tuwonsa, na san takunsa tun daga bakin layi, amma ban san kalar da yake so ba. Kullum abin da aka rage wa kuɗi yake kawowa, ni kuma kullum mita nake yi, ban taɓa cewa, Malam, kai wacce ta fi kwanta maka ba? Sau ɗaya tak ya zauna ya zaɓa da kansa, saboda ni, kuma bai samu ya nuna mini ba.

Auta tun farko fara take so, mai jijiyoyi kamar dutsen ado, irin ta ƙawarta. Da safe ta kawo mini shayi ta ce, “Umma, ki bar zancen farar nan. Ki ɗauki ɗaya cikin biyun.” Na ce ina tsoron in ɗauki wadda ba ita ba. Ta ce, “Ko wacce kika ɗauka ai ya riƙe ta a hannunsa ya duba.” Na ɗauki koren. Ba ni da wata hujja, sai dai mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a cikin gonaki.

Yini ɗaya ya yi aikin. Ya goge kowane murfi da tsumma, ya yanka ledar da ɗan rara, ya ɓare takardar bayan kaɗan-kaɗan yana bi da wani ɗan faifan roba yana korar iska. A kusurwa sai ya kunna wani ɗan inji mai hura zafi, ledar ta yi laushi, ya ja ta ya naɗe ta ciki, ya bi da reza. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Na kai masa abinci da azahar, ya ci a soro. Kafin la'asar sakaliya ya mayar da murafun, ya ɗaura sabbin mariƙai da auta ta sayo. Da na miƙa masa cikon kuɗinsa ya zare dubu biyar ya ajiye a kan kanta, ya ce a yi wa Malam sadaka. Na ce ya ɗauka, guminsa ne. Ya ce, “Hajiya, don Allah kada ki hana ni.” Ranar Juma'a na sa aka soya ƙosai da ita aka rabar a ƙofar gida.

Kicin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Maƙwabta sun yi ta shigowa kallo, biyu daga cikinsu har sun karɓi kwatancen shagon. Auta ta ɗauki bidiyo ta tura wa yayyenta, kwana biyu bayan nan hutunta ya ƙare na raka ta tasha. Na dawo na ɗora tukunya ni kaɗai. Na daɗe ban saba ba, sau da yawa in na shigo sai in ji kamar gidan wata na shiga aron wuta. Yanzu wata bakwai ke nan. Maiƙo yana goguwa kamar yadda aka ce. Gefen da ke kusa da gas ya ɗan ɗaga baki, nakan danna shi da babban yatsa in na wuce.

Ranar kasuwa hanyata takan bi ta gaban shagonsa. Makonnin farko ina tsayawa mu gaisa in ce, “Ba ka tuna ba?” ya ce, “Wallahi Hajiya ina ta ƙoƙari.” Daga baya na lura tun daga nesa in ya hango ni yake ajiye reza ya sunkuyar da kai, kamar wanda ya yi mini laifi. Sai na daina tambaya. Yanzu gaisuwa kawai muke yi, ya tambayi jikata, in tambayi iyalinsa, in wuce rumfar masu kayan miya.